PSA ta sake tashi bayan an cire furostat: yadda za ka bi maganar hoto kada a ruɗe ka

Shekarata 17 ina aikin ɗaukar hoto a asibiti a nan Garwa ta Kamaru. Ni ke kwantar da mutum a gadon na'ura, in ce masa ya riƙe numfashi, in miƙa wa likita abin da ya fito. Ni ba likita ba ne, hukunci ba a hannuna yake ba. Amma hotunan dattawan da aka yi wa aikin furostat sun bi ta hannuna da yawa, har abin ya zo kan kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina firamare. Saboda 'ya'ya da ƙanne na zauna rubuta wannan, masu rungume da jakar takardu suna bin dattijo daga wannan ƙofa zuwa waccan.

A rediyo za ka ji ana cewa kansar mafitsara. Furostat daban, mafitsara daban. Furostat wata 'yar tsoka ce kamar girman goro a ƙarƙashin mafitsara, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta. Idan an cire ta gaba ɗaya saboda ciwon daji, likitan tiyata yakan jawo wuyan mafitsara ya ɗinke shi da ragowar bututun. Ka riƙe maganar wannan ɗinki, za mu dawo kanta.

Kafin ka kashe ko dala a kan hoto, tabbatar da irin aikin da aka yi wa tsohonka. Da yawa daga dattawanmu da ake cewa an cire musu furostat, cikinta kawai aka ƙwaƙule saboda ta kumbura ta tare fitsari, aka bar ɓawon. A wurin irin wannan mutum PSA, sinadarin da furostat ke saki a jini wanda ake aunawa don bin sawun ciwon, ba ta sauka zuwa sifili, kuma ganin nama a wurin cikin hoto ba abin firgita ba ne. Maganata a nan ta wanda aka cire masa ita duka ce, har da jakunkunan maniyyi da ke bayanta. Takardar bayanin tiyata ce za ta raba gardama. In ba ta hannunka, koma inda aka yi aikin ka roƙe ta.

Bayan irin wannan aiki PSA kan ragu da rabi a jini duk kwana 2 zuwa 3, shi ya sa zuwa mako 6 ake sa ran ta faɗi ƙasa da 0,1. Lambar da likitoci da yawa ke aiki da ita wajen cewa ciwon ya motsa ita ce 0,2, kuma sai an maimaita gwajin ta sake fitowa haka. Mu a nan waƙafi muke sawa, 0,2. Takardar Najeriya ko Indiya ɗigo za ta sa, 0.2. Duk abu ɗaya ne. Na taɓa ganin iyali sun kwana ba barci saboda waƙafin ya dushe a takarda, sun karanta 0,12 a matsayin 12. Ka riƙe ɗakin gwaji ɗaya, domin na'urori ba su auna PSA daidai da juna, kuma a irin waɗannan ƙananan lambobi ɗan bambancin ya isa ya sa a ce ta tashi alhali tana nan inda take. Sayi ƙaramin littafi, kowane gwaji ka rubuta kwanan wata da lamba da inda aka yi. Daga gwaji 3 zuwa sama likita zai iya lissafa wata nawa take ɗauka kafin ta ninka. Wadda ta dawo a makare tana hawa a hankali ta fi nuna cewa ciwon yana nan wurin da aka yi aiki. Wadda ta dawo da wuri tana ninkawa cikin 'yan watanni ta fi sa a yi zargin kaluluwa ko ƙashi. Wannan lissafi ne ke nuna wa mai karanta hoto inda zai zuba ido.

Takarda ta biyu ita ce ta anapat, sakamakon binciken naman da aka cire. A ciki akwai makin Gleason, mai nuna yadda ciwon yake da zafi, da ko wuƙa ta bar ciwon a bakin yanka, da ko ya shiga jakunkunan maniyyi ko kaluluwa. Yi mata kwafi uku.

Sai maganar magani, wadda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar PSA ta motsa sai wani ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya ya sayo Casodex, ko a nemo mai allura ya yi wa dattijo allurar nan ta wata uku, duka biyu magungunan danne sinadarin namiji da ciwon ke girma da shi, tun likita bai tsara komai ba. Lambar za ta faɗi, kowa ya yi hamdala, amma ƙullin da ake son gani ya motse, hoto ya fito ba komai, an ɓatar da sawu. In an riga an fara, kada ka ɓoye. Faɗi sunan maganin da ranar da aka fara, a rubuta a jikin takardar neman hoton.

A Yawunde aka yi wa Kawu aiki. Shekara biyu lambarsa tana 0,03. Sai ta zama 0,21, bayan wata uku 0,28. 'Ya'yansa ba su jira kowa ba, suka sa shi a mota zuwa Ngawundare, suka hau jirgin ƙasa na dare, suka je aka yi masa sintigirafi, hoton ƙasusuwan jiki duka. Aka ga ɗigo ɗaya baƙi ƙirin a haƙarƙarin dama. Wani ma'aikaci ya ɗaga takardar a baranda ya ce musu ya shiga ƙashi. Kafin su dawo Garwa labari ya riga su, mata sun fara shigowa jaje, Kawu ya kira babban ɗansa yana lissafa masa basussuka.

Da na je gaishe shi na ɗauki hoton na daɗe ina kallo. Na ce, "Kawu, wannan gefen ba shi ne ka bugu ba da babur ya kayar da ku a hanyar kasuwar Pitowa?"

Ya ce, "Shi ne, ɗana. Ai mai ɗori ya gyara, ban ma je asibiti ba."

Babu wanda ya tambaye shi, shi kuma bai ga dalilin faɗa ba. Eskana, wato hoton CT, ta nuna tsohuwar karaya da ta haɗe, daidai wurin ɗigon.

Ga abin da ya kamata ka sani game da sintigirafi. Ruwan da ake yi wa mutum allurarsa ba ya neman ciwon daji. Duk inda ƙashi ke gyaran kansa nan yake taruwa: tsohuwar karaya, amosanin gaɓɓai a gwiwa da gadon baya, tarin fuka da ya ci ƙashin baya, tabon da sikila ke bari a ƙashi. Kama da wane ba wane ba ne. Ɗigo ɗaya tilo a haƙarƙari, ko ɗigogi jere a haƙarƙari biyu uku da ke maƙwabtaka, sun fi kama da bugu. Kuma a lambar Kawu bai kamata a fara da wannan hoto ba ma, domin idan PSA ba ta kai 7 ba, waɗanda sintigirafi ke kama musu wani abu ba su kai 5 cikin 100 ba, sai dai in mutum yana kukan ciwon ƙashi. Kuɗin jirgi da masauki da hoto sun tafi, tashin hankali ya biyo baya.

In likita ya ce a yi shi, ga abin da za ka kula. Bayan allura akan jira awa 2 zuwa 4. A sha ruwa sosai, a yi fitsari dab da hawa gado. Ruwan ta fitsari yake fita, dattawan da aka yi wa wannan aiki kuwa da yawansu suna fama da ɗigar fitsari, suna kuma jin nauyin faɗa, balle a gaban 'ya'ya. Ɗigo kaɗan a wando zai fito a hoto kamar ciwo a ƙashin ƙugu. Ka tafi da wando na canji da sabon ƙunzugu, ka ja shi gefe cikin mutunci ya yi tsarki ya canza kafin a kira shi. Wanda ya fara allurar wata uku kwanan nan, hotonsa na iya yin kamar ya ƙara muni a watannin farko, alhali ƙashin ne ke warkewa. Mutanen Marwa da ƙauyukan Mayo Canaga, inda ruwan wasu rijiyoyi ke rina haƙoran yara saboda yawan sinadarin fulorayid, su faɗa wa likita ruwan da suka sha tun tasowa. Wannan sinadari kan sa ƙashi ya yi fari fat a hoton radiyo, wato X-ray, ciwon furostat ma idan ya shiga ƙashi fari yake sa shi.

Eko, wato hoton da ake ɗauka da sauti ta kan fatar ciki, ba zan daɗe a kanta ba. Tana nuna ko fitsari na taruwa ko ƙoda ta kumbura, amma "eko ba ta ga komai ba" ba ya wanke kowa. Eskana kuma da girma take gane kaluluwa: wadda kaurinta ya wuce milimita 8 zuwa 10 ake zargi. Ƙaramar kaluluwa mai ɗauke da ciwo za ta wuce salin alin, babba kuwa a ƙasarmu tana iya zama ta tarin fuka, ko ta tsohon gyambo a ƙafa. In an cire kaluluwar ƙugu lokacin aiki, ruwa kan taru a gurbin ya yi jaka, mai gaggawa ya kira shi ƙari. Wanda kuma ya tashi yana wanka a Binuwai, ko Lagdo, ko Maga, ko bakin tafkin Cadi, ya tuna ko ya yi fitsarin jini yana yaro. Tsargiya kan bar bangon mafitsara da kauri da tauri har tsufa. Ita ma abin dubawa ce a karan kanta, amma kada a ɗora ta a kan furostat ba bincike.

Hoton da ya fi dacewa da wurin aikin shi ne IRM, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira MRI. Mu koma kan ɗinkin nan. A nan ciwon ya fi dawowa, sai wuyan mafitsara, sai bayanta inda jakunkunan maniyyi suke a da. Matsalar ita ce nan ne kuma tabon tiyata yake. Abin da ke raba tabo da ciwo shi ne yadda suke shan ruwan allurar da ake turawa ana cikin ɗaukar hoto: ciwo kan sha da sauri ya saki da sauri, tabo kan sha a hankali a makare. Don haka IRM da aka yi ba allura a irin wannan mutum rabin aiki ne. Tambayi mai ba da rana tun kafin ka biya: za a yi da allura, a ɗauka daki-daki yayin da ruwan ke shiga? Za su nemi gwajin ƙoda, kireyatinin, ka zo da shi sabo.

Kada a yi shi da wuri. A watanni 3 na farko wurin cike yake da kumburi da daskararren jini da sabon nama, duk suna shan ruwa kamar ciwo. Ƙananan maƙalan ƙarfe da likita ya ɗaure jijiyoyin jini da su kan jefa inuwa su murɗe wani sashe na hoton, haka ma ƙarfen kwankwaso ga wanda aka sa wa. Iska a dubura ita ma tana murɗe shi, shi ya sa muke roƙon mutum ya yi bayan gida kafin ya zo, ya kuma bar wake da kabeji tun jiya. Wani lokaci likitan tiyata kan bar guntun jakar maniyyi, sai ya fito kamar ƙulli a bayan mafitsara. Wanda ya karanta takardar tiyata, ya kuma ga abin a gefe biyu da siffarsa ta asali, zai gane shi. Tun 2021 akwai ma'aunin da masana suka fitar don karanta irin wannan hoto, PI-RR, maki 1 zuwa 5, ana kwatanta wurin ƙullin da fuskar agogo. Ba laifi ka tambayi likitan hoto cikin ladabi maki nawa ya ba abin da ya gani. Mai batirin zuciya, ko wanda ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa wajen walda, ko mai harsashi a jiki, ya faɗa tun a ƙofa. Na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske. Sannan ka shirya dattijo: zai kwanta minti 30 zuwa 45 cikin ƙara, motsi kaɗan ya ɓata aikin.

Yanzu masu hali suna fita Indiya ko Masar ko Turkiyya su yi PET na PSMA, hoton jiki duka da ake ɗauka bayan allurar wani ruwa da ke manne wa PSMA, wani sinadari a jikin ƙwayoyin kansar furostat. Hoto ne mai kyau ƙwarai, ya fi duk waɗanda na ambata gani a ƙaramar lamba. Amurka ta amince da na galiyom 68 a Disambar 2020. Ƙarfin wannan ruwa kan ragu da rabi duk minti 68, shi ya sa ba a iya ɗauko shi daga nesa, sai mutum ya je inda ake haɗa shi. Kafin ka sayar da gona, ka san wannan: a wani bincike da aka yi a Kalifoniya kan maza 635 da ciwon ya dawo musu, wanda aka buga a 2019, hoton ya kama wani abu a 38 cikin 100 na waɗanda PSA ɗinsu ba ta kai 0,5 ba, 57 a tsakanin 0,5 da 1, 84 a tsakanin 1 da 2, sannan 97 daga 5 zuwa sama. Ma'ana a ƙaramar lamba, waɗanda ke dawowa da hoto fes sun fi yawa, kuma ciwon yana nan. Akwai ma kansar furostat, kamar 5 zuwa 10 cikin 100, da ba ta kama wannan ruwa sam. Ka kuma tabbatar na PSMA ne za a yi. PET na sukari, FDG, wanda aka fi yi wa sauran cututtukan daji, bai cika ganin na furostat ba.

PET na PSMA shi ma yana haska abin da ba ciwo ba. Ƙullutun yawu da na hawaye, hanta, saifa, ƙoda, ƙaramin hanji, duk haskensu na halitta ne, kada ka buɗe hoton a masauki ka fara salati. Ruwan galiyom ta fitsari yake fita, sai mafitsara ta yi haske ta rufe ɗinkin da ke ƙarƙashinta, ko ɗigon fitsari a bututun da ke saukowa daga ƙoda ya yi kama da kaluluwa. Saboda haka wasu wurare ke haɗawa da allurar Lasix mai sa yawan fitsari. Akwai wani nau'in, PSMA-1007, da ke fita ta hanta ya bar mafitsara a sarari, amma ya yi suna wajen haska ɗigogi a haƙarƙari waɗanda ba komai ba ne. Tsohuwar karaya da tabon tarin fuka a huhu su ma suna kamawa.

Akwai tarkon da mu masu karatun Faransanci kaɗai yake kamawa. A jiki akwai kullin jijiyoyi na halitta, a gindin wuya, da can saman ciki kusa da kan ƙoda, da gaban ƙashin gindi, kuma suna shan ruwan PSMA kaɗan. Da Ingilishi sunan wannan kulli ganglion. A Faransanci kuwa idan likita ya ce ganglion, kaluluwa kowa ke ji. Wani bawan Allah daga Kuseri ya kawo mini takardar mahaifinsa daga Indiya hannunsa na rawa, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar, ya ce ciwon ya hau ciki. Abin da likitan can ya rubuta shi ne ya ga kullin jijiya, na halitta ne, a bar shi. Takardar da aka rubuta da Ingilishi, a kai wa likitan da ke aiki da Ingilishi ya karanta.

Mun saba cewa gani ya kori ji, shi ya sa iyali ke kwantar da hankali da zarar an ce hoto bai nuna komai ba. A nan ne na fi jin tsoro. Lambar da ke hawa bayan an cire furostat duka, ko hoto ya gani ko bai gani ba, magana ce da za a kai wa likitan mafitsara da likitan gashi da haske su zauna a kanta. Gashin wurin aikin da haske, radiyoterafi, ya fi cin nasara idan an yi shi PSA ba ta wuce 0,5 ba. Wanda ya ce bari mu jira ta girma hoto ya gani, yana iya jira har lokacin ya wuce. Mu da sai mun gangara kudu mu bi layi kafin a ba mu rana, jiran ya fi yi mana tsada. A ɗaya gefen, kada ɗigo ɗaya da ba a tabbatar ba ya sa a ce wa mutum ya yi nisa a hana shi gashin da zai iya warkar da shi. A nemi hoto na biyu na wurin, ko a ɗebo nama in ana iya kaiwa.

Duk inda aka ɗauki hoto, karɓi faifan CD, kada ka tsaya a takardar da aka buga. A faifan akwai ɗaruruwan yanka, a takarda 'yan kaɗan ne aka zaɓa. Hoton da ka ɗauka da waya ka tura ta WhatsApp babu likitan da zai iya auna komai da shi. Kwafe faifan a kwamfuta ko filas, domin zafin Garwa na Maris da Afrilu ya sha lanƙwasa faifan da aka bari a mota. Tsoffin hotuna ka tafi da su kowane zuwa. Ɗigon da ke nan tun bara bai canza ba labarinsa daban da wanda ya fito jiya.

Kawu ya koma Yawunde aka yi masa IRM da allura, lambarsa tana 0,4. Aka ga ƙulli bai kai ƙwayar wake ba a bayan ɗinkin, yana shan ruwa da sauri. Ya yi zama 33 na gashi a Duwala, Litinin zuwa Juma'a, yana kwana gidan wani abokin kasuwancinsa. Gwaji uku na baya duk sun fito ƙasa da 0,1, na gaba kuma bayan Babbar Salla ne, in Allah ya kai mu. A shafin farko na littafinsa, sama da jerin lambobin, na rubuta masa da Faransanci da Hausa: karayar haƙarƙarin dama, faɗuwar babur, tarin fuka, babu, fitsarin jini yana yaro, e, allurar wata uku, an fara ranar da likitan gashi ya ce. Duk likitan da ya shiga wurinsa, wannan shafin yake fara buɗe masa.